Ta ina mai ƙaramin ƙarfi zai fara tanadin ko-ta-kwana?

Tambaya daga wani magidanci a Maradi: "Mu takwas ne a gida, ni da maiɗakina da yara shida, a gidan ƙasa. Sana'ar hannu nake yi, yau a samu gobe babu. Duk abin da ya taso, rashin lafiya ko yankewar pampo ko tsadar hatsi, sai na ci bashi. Ta ina zan fara tanadi, alhali abin da nake samu da kyar yake kai mu ƙarshen mako?"

Malam, Allah ya rufa asiri, ya sa albarka a sana'a. Kafin maganar abin da za ka saya, ka fara duba shekararka. Yawancin abubuwan da muke kira na ba-zata a Maradi suna da lokacinsu. Hatsi yana sauƙi da kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, ya yi ta hawa har ya kai ƙololuwa tsakanin Yuni da Agusta. Da bazara, Maris zuwa Mayu, zafi ya wuce digiri 40, kuran ya riƙa ɗaukewa, pampo ya yi rauni. Damina ta zo da masassarar cizon sauro da gudawa da faɗuwar katanga. Sanyi ya zo da gobara da tarin yara. Komawar yara makaranta a Oktoba take. Kowanne daga cikinsu yana da watan da shirinsa yake da araha, da watan da yake cin kuɗi ninki biyu. Mai ƙaramin ƙarfi ba zai iya sayen komai ba, amma zai iya yin kowane abu a watansa mai araha, kuma a nan ne ribarsa take.

Kuɗin dare shi ne farko, tun kafin buhun hatsi. Ina nufin kuɗin da za su fitar da kai daga gida ƙarfe biyu na dare idan jikin yaro ya yi zafi ko naƙuda ta tashi: kuɗin kabu-kabu ko adaidaita zuwa likita da dawowa, kuɗin awo, kuɗin magani a farmasi mai gadi, da cefanen kwana biyu ko uku da ba za ka fita aiki ba. Ka sa wa kanka jika goma, wato sefa 10,000, a matakin farko, in ta cika ka nufi jika ashirin da biyar. Lissafin ba shi da wuya. Dala hamsin a rana, wato sefa 250, jika bakwai da rabi ce a wata, cikin kwana 40 ka haɗa jika goma. In hakan ya yi nauyi, dala ashirin a rana tana ba da sefa 36,500 a shekara. Sharaɗin guda ne: a cire su da zarar kuɗi sun shigo hannu, kafin cefane. Wanda ya ce sai abin da ya rage da dare zai ajiye, ba abin da zai rage. Ranar da ciniki ya yi kyau a ninka, ranar da babu a haƙura, kada kuma a taɓa na jiya.

A ajiye su da ƙananan takardu, 'yan dala ɗari da 'yan jika, domin da tsakar dare ba mai canjin jika goma. A raba biyu, rabi a hannu a wurin da kai da maiɗakinka kaɗai kuka sani, rabi a asusun waya. Na hannu yana aiki ranar da layin waya ya ɗauke, na waya yana tsira ranar ruwa ko gobara ko ɓarawo. Kuma a sefa za ka ajiye. Mu da muke kusa da Ɗan Isa da Jibiya naira tana yawo a hannunmu, amma wanda ya ga abin da canjin takardun naira ya yi wa mutane a farkon 2023, da yadda darajarta ta zube bayan nan, ba zai sa kuɗin asibitin 'ya'yansa a cikinta ba.

Adashe abu ne mai kyau, sai dai yana fitowa ranar kwasarka, ba ranar da ciwo ya zo ba. Ka bar shi ga abin da ka san ranarsa, kamar buhun hatsi da kaka ko kayan makaranta, ka nemi a sa kwasarka ta faɗo a Oktoba ko Nuwamba. Ga maiɗakinka kuwa, ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda aka fara a nan jihar Maradi a 1991 da tallafin ƙungiyar CARE, sun fi adashe dacewa da larura. Ana zubi kowane mako, ana ba mamba rance daga akwatin, yawancinsu kuma suna da ɗan asusun taimako daban na rashin lafiya da rasuwa. Ta tambayi ƙa'idar rancensu kafin ta shiga, domin wasu suna ɗora ƙari a kai, wanda ba kowa zai yarda da shi ba. Abu na ƙarshe a kan kuɗi, wanda shi ya fi rusa irin wannan ajiya: ku zauna ku biyu ku yanke abin da ya isa a buɗe ta. Ciwo, haihuwa, gobara, rushewar ɗaki, yankewar abinci. Gudummawar biki da ankon suna da kayan sallah ba su ciki, ko da kunya za ta kama mutum.

Daga ina dala hamsin ɗin za ta fito? Ka sa babban yaronka ya rubuta duk abin da gidan ya kashe har kwana 14, har ashana da kuɗin niƙa da katin waya da shayi. Galibi ɓarakar tana wuri uku. Na farko sayen ƙulli-ƙulli: man dala ashirin, sukarin dala goma, garin sabulu ɗan ƙulli. Ka auna ƙulli nawa ke cika lita ko tiya, ka kwatanta da kuɗin litar, za ka ga abin da kake biya a kan leda. Ba sai ka sayi komai da yawa a wata ɗaya ba. Wannan watan mai, wata mai zuwa sabulu, ko ku haɗa kuɗi gida uku ku sayi bido ɗaya ku raba. Amma sai an sa ma'auni, domin mai in yana da yawa a gaban mai girki hannu yana nauyi. A ware na mako a ƙaramar kwalba, a rufe sauran.

Na biyu makamashi. Wake in an jiƙa shi tun dare yana rage lokacin dahuwa sosai. Tukunya da murfi, itace busasshe da aka faskara ƙanana, murhu mai kariya daga iska maimakon duwatsu uku a fili, duk suna rage itace. Akwai kuma dabarar da mutane ba su cika yi ba: shinkafa ko wake in sun tafasa sosai, shinkafa minti biyar, jiƙaƙƙen wake minti 15 zuwa 20, a sauke tukunyar a rufe, a naɗe ta da tsohon bargo a cikin kwando, ta ƙarasa nuna da zafinta. Shinkafa kamar rabin awa zuwa awa ɗaya, wake awa biyu zuwa uku. Kada a bar ta har ta huce a ciki, in ta huce a sake tafasawa kafin a ci. Na uku kayan miya. Lokacin sanyi, da lambunan Jiratawa da na bakin Gulbi suka cika kasuwa, a yanka tumatir a yi kauɗa, a shanya tattasai da kuɓewa da albasa. Zogale da yakuwa a inuwa ake shanya su, rana tana ƙone amfaninsu. Su ne za su riƙe miya a watannin da tumatir ɗanye ya gagari talaka.

Yanzu hatsi, inda mafi yawan kuɗin gida ke tafiya. Ka fara sanin cin gidanka da awo, ba da ƙiyasi ba. Tiya ɗaya ta hatsi tana kai kilo biyu da rabi, buhu mai kilo 100 tiya 40 ke nan. Gida mai mutum takwas da tuwo da fura ne abincinsa zai iya cin tiya biyu a rana, buhu ya yi masa kwana 20. In ana haɗawa da shinkafa da garin rogo da taliya, bai kai haka ba. Ku auna na mako guda ku gani. Daga nan a yi hawa uku. Hawan farko abincin kwana uku da ba ya buƙatar wuta ko niƙa: garin rogo, ƙuli-ƙuli, sukari, soyayyiyar gyaɗa, dabino, da garin kunu na yara. Wannan na ranar da ruwa ya jiƙa itace ne, ko injin niƙa ya tsaya saboda kuran, ko uwargida tana kwance a likita. Hawa na biyu hatsin mako biyu da ba a taɓawa sai an mayar da madadinsa. Hawa na uku shi ne babba, abin da zai rage maka sayen hatsi a Yuni da Yuli da Agusta. A lissafin tiya biyu a rana, wata ukun nan buhu huɗu da rabi ne. Ba lallai ka kai nan a shekarar farko ba. Buhu ɗaya da ka saya a Nuwamba ya raba ka da kwana 20 na farashin Agusta, kuma kwanakin nan su ne ake cin bashi a cikinsu.

Wanda ba shi da kuɗin buhu ya tara da tiya. Tiya biyu ta ƙari kowace Litinin da Juma'a, daga tsakiyar Oktoba zuwa ƙarshen Disamba, ta haura buhu guda. In kana da ɗan'uwa a ƙauye, ka ba shi kuɗin ya auna maka a kasuwarsu lokacin girbi, ka lissafa kuɗin mota kafin ka ce ya fi sauƙi. Ka haɗa da dawa in ta fi hatsi araha, da wake ko da tiya goma, domin shi ne naman gidan da ba ya sayen nama kullum. Idan hukuma ta buɗe sayar da hatsi a farashi mai rahusa ta hannun OPVN, hukumar ajiyar abinci ta ƙasa, a wajen mai unguwa da ma'aikatar magajin gari ake jin rana da wurin, sai ka riƙa tambaya tun bazara, kuma sai da kuɗi a hannu ake cin moriyarsa. In kuma kana ɗan noma, kada ka zubar da wake da gyaɗa duka a kasuwa ranar girbi. Wasu ƙungiyoyin manoma suna da tsarin jinginar amfanin gona, a kulle buhunanka a sito a ba ka rance, ka fanshe su bayan farashi ya tashi.

Saye rabin aiki ne, ajiya ce ke cin mutane. Abu uku ke ɓata hatsi: danshi, ƙwari, ɓera. Sabon amfani sai ya bushe ƙarau kafin a rufe shi. Ka ciza ƙwaya, in ta fashe da ƙara ta bushe, in ta lotsa a mayar rana. Ga wani gwajin: a zuba ƙwaya a busasshiyar kwalba, a ƙara cokalin gishirin da aka shanya, a rufe a girgiza, a bar shi ɗan lokaci. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran ruwa a hatsin. Gyaɗa da masara da suka yi fumfuna a zubar, kada a ce a wanke a ba yara, gubar da ke cikinsu tana lalata hanta kuma dahuwa ba ta kashe ta.

Wake shi ƙwari suka fi so, cikin wata biyu zuwa uku sai su mayar da shi gari. Maganinsa hana shi iska. Buhun PICS mai riɓi uku, wanda masu bincike na INRAN, cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa, a nan Maradi suka yi aiki a kansa tare da jami'ar Purdue ta Amurka, leda biyu ne masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje. Kafin a zuba, a hura kowace leda a duba ko tana da huji. A zuba waken, a matse iskar, a murɗe bakin ledar ciki a lanƙwasa a ɗaure, sannan ta biyu daban, sannan buhun waje daban. Ƙwarin da ke ciki su shanye iskar da ta rage su mutu, ba tare da an sa ko ɗigon magani ba. Inda ake kuskure: a ɗaure baki ukun wuri guda, ko a riƙa buɗewa kowane mako ana ɗiba, ko a bar kara da tsakuwa su huda ledar. Wanda zai riƙa ɗiba ya fi masa kyau ya yi amfani da bido. Bido mai lita 20 yana cin wake kamar tiya shida. A wanke shi, ya bushe sarai, a cika shi har wuya ana bubbugawa, a sa leda a bakin a murɗa murfin. In ya cika rabi kawai, iskar da ke sama ta ishi ƙwari rayuwa. Ɓera ma ba ya samun sa da sauƙi. Buhu kuwa a ɗora shi kan katako ko bulo, a bar tazara tsakaninsa da bango, kuma a fara cin tsoho kafin sabo.

Ina roƙonka da babbar murya a kan ƙwayar maganin nan da ake jefawa cikin buhu tana fitar da hayaƙi mai guba. Ba ta ɗakin kwana ba ce. Iskarta tana fita daga buhun ta cika ɗaki, tana kashe mutum yana barci, yara ne kuma suke fara tafiya. Gidan da hatsi da mutane suke kwana ɗaki guda bai kamata ta shiga cikinsa ba ko kaɗan.

Ruwa. Mutum yana buƙatar kamar lita uku a rana don sha kawai, da zafin Afrilu fiye da haka. In aka haɗa da girki, ka lissafa lita huɗu kowane kai: ku takwas, kwana uku, lita 96, wato bido huɗu masu lita 25. Ka nemi waɗanda aka ci man girki a cikinsu, a wanke da sabulu da tsakuwa ana girgizawa. Wanda ya taɓa ɗaukar esansi ko maganin feshi ba ya wankuwa, roba tana shanye shi. A cika su lokacin da pampo ke zuwa da ƙarfi, a ajiye a inuwa, a riƙa juye su cikin aikin gida kowane mako ana sake cikawa. Ranar da unguwa ta rasa ruwa, 'yan garuwa suna ƙara kuɗi, sai ka ga bidon nan sun biya kansu. Randa kuma ta kasance da murfi da moɗa guda mai dogon hannu, saboda yawancin ƙazantar ruwan sha daga hannu take shiga bayan an kawo shi gida.

In dole ta sa aka ɗebo ruwan rijiya ko na tabki, musamman bayan ambaliya da masai suka cika suka haɗe da komai, sai an gyara shi. Alif yana kwantar da laka ne kawai, ba ya kashe ƙwayar cuta. A tace da tsabtataccen ƙyalle, sannan a yi ɗaya cikin uku. A tafasa shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka. Ko a sa ƙwayar Aquatabs, wadda aka saba gani ɗaya ce ga lita 20 na ruwa garai-garai, a duba jikin takardar, a jira minti 30. Ko a cika farar robar ruwa mai haske wadda ba ta wuce lita biyu ba, a kwantar da ita kan kwano a rana awa shida, in da hadari kwana biyu. Jihar nan ta ga kwalara a 2018, ta fi tsanani wajen Madarunfa, ta sake gani a 2021. Kwalin ƙwayar Aquatabs bai kai kuɗin kwana ɗaya a gadon likita ba.

Akwatin magani kada ya yi yawa. Farasitamol na manya da na yara, fakitin gishiri da sukari na gudawa guda shida zuwa goma, ƙwayar zinc, bandeji, auduga, maganin wanke rauni, sabulu, da ma'aunin zafin jiki. A ajiye inda ba rana, inda yaro ba ya kaiwa. Fakiti ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ledar ruwan sha guda biyu ke nan masu rabin lita. In babu fakitin, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe, da rabin cokalin gishiri, a lita ɗaya. Kada gishirin ya wuce haka, yawansa yana cutar da yaro. Ɗan ƙasa da shekara biyu a ba shi rubu'i zuwa rabin kofi bayan kowane zawo, da cokali a hankali, a ci gaba da nono. Abin da ya kwana ya wuni a zubar a haɗa sabo. Zinc kwana 10 zuwa 14 ake sha ko zawon ya tsaya. Kada ka tara maganin masassara da kafso na masu yawo da magani a rana, zafi ya riga ya kashe wasu, wasu jabu ne. Zazzaɓi a jikin yaro da damina a kai shi awo cikin kwana guda. In yana jijjiga, ko ya kasa shan nono, ko yana amayar da komai, ko barci ya yi masa nauyi ba ya farkawa, ko wuyansa ya sanƙare, ba a jiran safiya. Dokar ƙasa ta sa kula da yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta ne a likitocin gwamnati, amma wani lokaci maganin yakan yanke a rubuto maka ka saya, shi ya sa kuɗin dare suka zo farko.

Abin da ke kyauta kuma kada a bari ya wuce. Maganin rigakafin masassara da ake bi gida-gida ana ba yara daga wata uku zuwa shekara biyar, sau ɗaya a wata a watannin damina, na kwana uku ne. Ma'aikata su ba da na ranar farko, na rana ta biyu da ta uku a hannun uwa yake, kuma a nan ake yawan sakaci. Gidan sauro a ɗinke hujinsa tun Yuni. Zaren awon damtse, in an ba maiɗakinka, ta riƙa auna ƙananan sau biyu a wata lokacin tsadar abinci: in ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani, a tafi likita ranar. Wanda ya ga yunwar 2005 a Maradi ya san yadda take cin yaro a ɓoye.

Gidan ƙasa daga ƙafa yake mutuwa. Ruwan da ya kwanta a gindin bango, da wanda indararo ke zubarwa yana fallatsa, su ke jiƙa tushe har nauyin sama ya fi ƙarfinsa. Aikin na Afrilu da Mayu ne, lokacin da ƙasa take bushe kuma magina ba su yi tsada ba. A hau soro a toshe tsaga, a sake yaɓe inda ya zaizaye, a gyara gangaren rufin ya kai ruwa bakin indararo. Indararon ya yi tsawon da zai jefa ruwa nesa da bango, a zuba duwatsu ko fasassun bulo inda yake sauka. A tara ƙasa a gindin bango a daddaɓe ta, ta gangara waje. A buɗe kafar ruwan tsakar gida, ku haɗu da maƙwabta ku kwashe leda da yashi daga magudanar layi, domin taka in ta buɗe ta maƙwabci ta toshe, ruwan gidanka zai dawo. A tanadi tsofaffin buhuna goma da tamfol ɗaya. Buhun yashi kashi biyu cikin uku ake cikawa, a jera su kamar ginin bulo a bakin ƙofa, cikakke tam ba ya kwanciya ya toshe kafa.

Garin nan ya san ruwa. Ambaliyar 1945 ce ta tashi tsohon Maradi daga kwarin Gulbi aka hau tudu, kuma ruwan ƙarshen Agustan 2024 ya rusa gidaje ya ci rayuka a cikin gari. Ka koya wa duk gidan alamun ɗakin da zai faɗi: tsaga da ke ƙara buɗewa, ƙofar da ta fara cijewa alhali da lafiyarta, danshi da ya hau bango ya kai gwiwa, ƙasa na zubowa daga rufi, azara na ƙara. In an ga ɗaya, a fita, a kwana ƙarƙashin tamfol ko gidan maƙwabci. Bango yakan faɗi bayan ruwa ya ɗauke, da ya gama shan ruwa, saboda haka daren da ya biyo babban ruwa kada a shimfiɗa wa yara a gindin katanga. In ruwa ya shigo gida a kashe kuran daga mita da busasshen hannu, ana tsaye a busasshen wuri. Ruwa mai gudu ko bai kai gwiwa ba yana kayar da babba, kada a aiki yaro ya tsallaka shi. Ku yanke tun yanzu gidan wa za ku nufa a kan tudu, da wanda zai ɗauki wane yaro.

Takardun haihuwa, katin ɗan ƙasa, takardar fili ko ta haya, katin rigakafi da na makaranta, a sa su a leda biyu cikin gwangwani mai murfi, a rataye sama kusa da ƙofa. A ɗauki hotonsu da waya a tura wa ɗan'uwa amintacce. A ciki a sa takarda mai lambobin waya da aka rubuta da hannu: 18 ta masu kashe gobara, 17 ta 'yan sanda, da ta mai adaidaita biyu na unguwa da ka riga ka yi magana da su cewa za ka iya kiransu da dare. Fitila mai cajin rana wadda take cajin waya ta fi kyandir da batir sauƙi in aka lissafa shekara. Katsewar wutar da ke zuwa daga Najeriya a Agustan 2023 ta nuna cewa rashin kuran yana iya wuce kwana biyu.

Gobara kuwa rigakafinta kusan kyauta ne. Bokitin yashi kusa da madafa. Mai in ya kama a kasko a rufe da murfi, ruwa yana watsa wutar ne. Kwalbar gas a tsaye, inda iska ke shiga, a shafa ruwan kumfa a bakin tiyo da mahaɗi, in ya yi ƙwai yana yoyo. In an ji warinsa a rufe kan kwalbar, a buɗe ƙofa da taga, kada a taɓa makunnin wuta ko ashana, kuma a tuna gas ƙasa yake kwanciya. Esansi ba ya kwana a ɗakin mutane. Garwashi a rufaffen ɗaki lokacin sanyi yana kisa ba tare da wari ko hayaƙi ba. Ƙuna a zuba mata ruwa mai sanyi minti 20, ban da man goge baki da ƙwai da toka, a rufe da ƙyalle mai tsabta a tafi likita.

Saura bashin da ke kanka yanzu. Kada ka jira sai ka gama biya kafin ka fara ajiya, domin ciwo na gaba zai mayar da kai inda ka fito. Ka rubuta duka, wa kake bi wa ke binka. Abin da ka iya warewa a rana ka raba shi biyu, rabi asusu rabi biya, har jika goman farko ta cika, sannan ka karkata ga bashin da ƙarfi. Ka fara da wanda yake ƙaruwa, kamar hatsin da aka ba ka da damina za ka mayar da fiye da shi da kaka. Mai kantin unguwa da yake ba ku bashin cefane kuwa, ka je da kanka ka faɗa masa nawa za ka riƙa kawowa kowace Juma'a, ko dala ɗari ce, ka kuma cika, domin ƙofarsa tana cikin abin da za ka buƙata a watan Agusta.